Yadda ake zuwa kogwannin Marshall a dajin Yankari

Mutane da yawa suna zuwa Yankari su koma gida ba su ga kogwannin Marshall ba, kuma yawanci ruwan Wikki, wata maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin dajin, shi ne ke cinye musu lokaci. Mutum ya shiga ruwan ɗumin nan da hantsi, kafin ya fito rana ta take, gwiwa ta yi sanyi. Saboda haka ka fara da kogo, wanka ya biyo baya.

Ka je da rani, tsakanin Disamba da Afrilu. Da damina ciyawa tana rufe hanya, ga laka, ga ƙudan tsando. Daga Bauchi ka kama hanyar Gombe, a Dindima ka karya zuwa Mainamaji inda ƙofar shiga take. Daga nan zuwa sansanin Wikki akwai tafiyar sama da kilomita 40 cikin daji, don haka ka cika tanki tun a Bauchi, ka kuma riƙe tsabar kuɗi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne daren da ka isa. Kada ka kwanta sai ka je ofis ka nemi ɗan rakiya cikin masu gadin daji, ka faɗa masa ƙarara cewa kogo kake son gani. In ka yi shiru, motar zagaye za ta bi bakin kogin Gaji neman giwa da ɓauna, ta dawo da kai. Ku tsayar da lokacin fita bayan sallar asuba. Idan kuɗin mota ya yi maka yawa, nemi wasu baƙi ku haɗa, ana yin haka sosai.

Kogwannin guda 59 ne, an sassaƙa su a jikin dutse mai laushi, kuma sun ɗauki sunan P.J. Marshall wanda ya yi bincike a kansu a 1980. Ana kyautata zaton mutanen zamanin da suna fakewa a ciki lokacin hare-haren kamen bayi. Bakinsu ƙanana ne, sai ka durƙusa. Ka sa takalmi sau ciki mai kama ƙasa, silifa ba ta hawa dutse. Babbar riga ka bar ta a ɗaki. Tocila ta gaske nake ba da shawara, hasken waya bai isa ba. Bari ɗan rakiya ya fara haskawa kafin ka zura kai ko hannu, domin jemagu da macizai ma suna son inuwa. Akwai zane-zane na layuka a bango, ka kalla da ido kawai, kada ka rubuta sunanka a gefensu.

Ruwan sha ka ɗauki fiye da yadda kake zato, kuma duk inda ɗan rakiya ya taka nan za ka taka. Da kun dawo, ka kulle abinci a ɗaki saboda gwaggon biri, suna fizge leda daga hannun mutum. Daga nan sai ka gangara Wikki ka yi wankanka.