Darasi na Goma Sha Ɗaya: Idan Motsin Shafi Ya Ƙi Bin Hannu

A darasin da ya gabata mun gina shafin talla na shagon dukanci irin na Madunka: jaka a sama, takalman fata a tsakiya, tum-tum a ƙasa. Mun sa masa ado iri biyu. Na farko, idan aka gungura shafin ƙasa hotuna su riƙa bayyana sannu sannu, hoton baya kuma ya yi tafiyar hawainiya, kamar yadda in kana cikin mota a hanyar Illela itatuwan bakin titi suke wucewa a guje, na nesa kuwa kamar ba su motsa ba. Na biyu, idan aka kai linzamin kwamfuta, wanda yara ke kira mawus, kan hoton jaka, sai jakar ta ɗan karkata ta bi hannu.

Da muka dawo aji, kusan kowa da kukansa. Wani dattijo baduku da ke zama a layin gaba ya turo mini kwamfutarsa ya ce, "Malam, wanga abu jiya lahiya lau yake tahiya, yau ya ƙi. Ban taɓa komi ba."

Na ce, "Baba, bari mu tambayi burauza. Ita ba ta mantuwa."

Matakai uku

Kafin hoto ya motsa a shafi, abu uku ne ke faruwa a jere. Burauza, wato Chrome ko Firefox ko Safari, tana jin an motsa linzami ko an gungura shafi. Sai ta kira ɗan umarnin da muka rubuta da JavaScript ya yi lissafin inda hoton zai koma. Daga nan ta zana shi a sabon wurin. Ji, lissafi, zane. Duk wata matsala a ɗayan ukun take, kuma aikinku shi ne ku gano wanne kafin ku canza ko harafi ɗaya. Bakaniken kirki ba ya kwance injin kabu-kabu bai leƙa tanki ba.

Shin ta ji?

Ku buɗe shafin a kwamfuta ku danna F12. Wani ɓangare zai buɗe a gefe ko a ƙasa. Ku zaɓi inda aka rubuta Console. Nan ne burauza ke kai ƙara, kuma ƙarar takan zo da jan rubutu, tare da sunan fayil da lambar layin da ta yi tuntuɓe.

A kwamfutar Baba jan rubutun ya fara da Cannot read properties of null. Ma'anarsa a taƙaice: ka aike ni wurin wani, na je ban tarar da kowa ba. Muka duba layin. Umarnin yana neman abu mai suna jaka, amma a cikin HTML, wato rubutun da ke jera kayan shafi, an rubuta Jaka. Baba ya yi dariya ya ce ai a ajin rubutu an koya musu suna da babban baƙi yake farawa, shi ya sa ya gyara da daddare. A takarda gaskiyarsa ce. A wurin JavaScript kuwa jaka da Jaka baƙin juna ne.

Wannan jan rubutu yana da wani sanadi na biyu. Burauza daga sama take karanta fayil zuwa ƙasa. Idan umarnin yana can sama, jakar kuma tana ƙasa, za a je nemanta tun ba a halicce ta ba. Maganin shi ne a ƙara kalmar defer a cikin alamar script da ke kiran fayil ɗin, ko a sauko da alamar ƙarshen shafi.

In kun gyara amma ba ku ga canji ba, kada ku yi saurin zargin kanku. Burauza takan ajiye tsohon kwafi don ta rage cin data. Ku danna Ctrl da Shift da R tare, ta ɗauko sabo.

To idan babu jan rubutu, kuma babu motsi fa? Sai ku sa ɗan leƙen asiri. A layin farko na aikin da ake kira, ku rubuta:

console.log("na ji");

Ku gungura shafin. Idan "na ji" ya riƙa fitowa a Console, kunne lafiya yake, ku wuce mataki na gaba. Idan shiru, an kasa kunne inda ba a magana. Sau da yawa an ɗaura sauraron, wato umarnin da ke jiran jin motsi, a kan window, wanda shi ne shafin gaba ɗaya, alhali ba dukan shafin ke gungurawa ba, wani akwati ne a ciki da aka ba tsayin allo da overflow: auto. Shaidar ita ce ku rubuta window.scrollY a Console bayan kun sauka ƙasa. In ya amsa 0, akwatin ne ke tafiya, a kansa za a ɗaura sauraro.

Na linzami kuma, yawanci wani abu marar launi ne ya rufe hoton, kamar ledar da ake yafa wa kaya a rumfa saboda ƙura: ido na ganin jaka, hannu na taɓa leda. Ku danna maɓallin dama a kan hoton ku zaɓi Inspect. Abin da aka haskaka shi ne na sama. In ba jakar ba ce, ku ba wancan mayafin pointer-events: none, linzami ya ratsa shi.

Ta ji, amma lissafi ya karkace

Nan ne na fi son mu daɗe, don nan aka fi shan wahala, kuma burauza ba ta kai ƙara a kansa. A ganinta ta yi abin da aka ce.

Wata Hajiya mai sayar da turaren wuta a Mabera ta kawo nata. A saman shafi kwalbar turare tana bin linzami daidai. Da an gungura ƙasa, sai hoton ya wuntsila kamar zai faɗi. Dalili shi ne linzami yana ba da ma'auni iri biyu. clientY yana aunawa daga saman allon da ido ke gani. pageY kuwa daga farkon shafin gaba ɗaya, har da abin da ya riga ya wuce sama. A ce an gungura piksel 800 (piksel su ne ɗigogin da ake auna allo da su), linzami kuma yana piksel 200 daga saman allo. clientY zai ce 200, pageY zai ce 1000. Matsayin hoton kuma ta ɗauko shi da getBoundingClientRect, wanda daga saman allo yake aunawa. Ta haɗa shi da pageY, ta zama kamar mai awon fili da ya ja igiya ɗaya daga ƙofar gida, ɗaya daga bakin titi, sannan ya debe wannan daga wancan. A saman shafi ma'aunan biyu ɗaya ne, don ba a gungura komai ba, shi ya sa kuskuren ya ɓuya. Muka mayar da pageY ya koma clientY, pageX ya koma clientX. Shi ke nan.

Dabarar da ta kama wannan ɓarawon ita ce dai ta ɗazu. Maimakon "na ji", ku sa console.log ya buga lambar da ake lissafi da ita, ku zuba mata ido kuna motsa hannu. Lambar da ya kamata ta tsaya tsakanin 0 da 300 in ta haura 1000, kun san inda za ku tona.

Akwai kuma hotunan da ke bayyana tun ba a iso wurinsu ba, ko sai an wuce su. Wannan yakan faru idan umarni ya auna matsayin kowane hoto sau ɗaya tak, da buɗe shafi, lokacin da hotunan ba su gama saukowa ba. In sabis ya yi rauni, hoto ya iso a makare, sai ya ture duk abin da ke ƙasansa, awon farko ya zama tsohon zance. Ku rubuta wa kowane hoto width da height a HTML don a tanadar masa wuri tun kafin ya zo. Abin da ya fi wannan ma, ku bar awon hannu ku yi amfani da IntersectionObserver. Shi kamar maigadi ne: ku nuna masa hoto, shi zai sanar da ku idan ya shigo allo. Chrome ta samu shi tun 2016, Safari a 2019, don haka ba sabon abu ba ne.

Idan kuma position: sticky, mai sa abu ya tsaya cak a allo ana gungurawa, shi ne ya ƙi mannewa, abu biyu za ku duba: ko kun manta ba shi top, ko wani akwatin da ya ƙunshe shi yana da overflow: hidden.

Yana tafiya, amma yana ɗingishi

Yawancin alluna suna sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Ku raba 1000 da 60, za ku ga burauza tana da kimanin milidaƙiƙa 16.7 ta gama ji da lissafi da zane. In ta makara, zane ɗaya ya wuce ta, ido ya ga tsalle.

Babban mai cinye wannan lokaci shi ne matsar da abu ta hanyar canza top ko left ko width ko height. Duk sanda aka taɓa su sai burauza ta sake lissafin shimfiɗar shafi, kamar a ce za a matsar da rumfa ɗaya a Tsohuwar Kasuwa sai an sake auna na maƙwabta. Amma transform, mai matsar da abu ko karkata shi, da opacity, mai dusashe shi ko bayyana shi, ba sa taɓa shimfiɗa. Su kamar mai talla ne da faranti a ka, ya ratsa ya wuce ba a ɗaga kayan kowa ba. Duk motsin da za a iya yi da waɗannan biyun, a yi da su.

Sannan kada mai sauraro ya zama mai zane. Aikinsa ya ajiye lambar da ya ji kawai, zanen kuma a miƙa wa requestAnimationFrame, wanda ke yin sa sau ɗaya daf da sabunta allo. In hotuna da yawa ne, a auna su duka tukuna sannan a matsar da su duka. Auna ɗaya, matsar, auna na biyu, matsar, yana tilasta wa burauza maimaita lissafi a kowane zagaye.

Ku duba nauyin hotunan ma. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai faɗin piksel 4000, alhali a shafi wurin 400 zai zauna. Ku rage shi kafin ku ɗora.

A waya fa?

Mai sayen takalmi da wuya ya zauna gaban kwamfuta. A waya zai buɗe, wataƙila a tsaye a bakin titi. Waya kuwa ba ta da linzami, babu wani abu da ke shawagi a kan hoto kafin a taɓa shi. Don haka karkatar jaka ba ta lalace ba, babu abin da za ta bi ne. A CSS, wato rubutun da ke yi wa shafi ado, akwai tambayar hover: hover da ake yi ta cikin @media, a keɓe adon linzami ga na'urar da ke da shi. Haka kuma background-attachment: fixed, da ake yawan yin hoton baya da shi, ba ya aiki yadda ake so a Safari ta iPhone. Ita iPhone ɗin ma, in aka kunna mata tanadin batir, takan rage requestAnimationFrame zuwa sau 30 a daƙiƙa.

A Chrome ta kwamfuta, bayan F12, Ctrl da Shift da M zai nuna shafin da girman waya, a sashen Performance kuma ana iya rage ƙarfin kwamfutar ninki 4. Yana taimakawa, amma kwaikwayo ne. Ku ari wayar da ta fi kowace tsufa a gidanku ku gwada, in so samu ne da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Waya in ta ɗau zafi da kanta take rage gudu.

Wasu mutane irin wannan motsi juwa yake sa musu, shi ya sa wayoyi da kwamfutoci ke da wurin da ake cewa a rage motsi. Shafi yana gane haka ta prefers-reduced-motion, kuma wajibi ne ku girmama shi. Ku tuna da shi wajen bincike ma: in motsi ya mutu a na'ura ɗaya tak, ku leƙa ko mai ita ya kunna wannan.

Ga ra'ayina, kuma ina da zafi a kansa. Da yawa suna ɓoye rubutu da opacity: 0 suna jiran JavaScript ya fito da shi. Ran da umarni ya yi tuntuɓe, mai saye zai ga farin allo, ba farashi, ba lambar waya, ya tafi shagon gaba. Farashi da lambar waya kada su taɓa jiran ado. Haka nan sabuwar hanyar CSS mai suna animation-timeline, mai ɗaura motsi da gungura shafi, da ta shigo Chrome 115 a 2023: tana da daɗin aiki, amma burauzar da ba a sabunta ba ba ta san ta ba, don haka ku tabbata shafin yana karantuwa ko babu ita.

Aikin aji

Ku zauna biyu biyu. Kowa ya yi kwafin shafinsa mai lafiya ya ajiye a gefe tukuna. Sai ɗaya ya juya baya, ɗayan ya ɓata abu guda a shafin: ya canza ƙaramin baƙi zuwa babba, ko ya cire defer, ko ya mayar da clientY ya koma pageY, ko ya shimfiɗa mayafi marar launi a kan hoto. Mai bincike ba zai taɓa fayil ba sai ya faɗa da baki a wane mataki matsalar take, ji ko lissafi ko zane, da shaidar da ya gani a Console. In ya gyara, ku yi musaya.

A littafinku ku ja layi gida uku: abin da na gani, abin da na zata, abin da ya kasance. Ku cika shi sau uku kafin ranar Asabar. Wanda ba shi da kwamfuta a gida ya zo bayan la'asar, na aji suna nan, kuma kowa ya taho da wayar da zai gwada shafinsa a kai.