Yadda za ka je Grand Marais ka san garin da mutanensa

Zuwanmu na farko Grand Marais, wani ɗan gari a bakin Tafkin Superior a jihar Minnesota ta Amurka, a watan Yuli ne. Na fito daga Minneapolis da 'yar shara da silifa, gumi na tsatstsafo mini. Bayan tafiyar awa huɗu da rabi sai ga ni tsaye a bakin tafki ina kaɗuwar sanyi, har uwargida ta ji tausayina ta miƙo mayafinta na yafa, yara kuwa me za su yi in ba dariya ba. Saboda haka kafin komai, jefa rigar sanyi a mota ko da a tsakiyar lokacin zafi za ka je. Ruwan Tafkin Superior ba ya ɗumi, kuma iskar da ta biyo ta kansa sai ta ratsa ƙashi.

Hanyar ba ta da ɓata. Daga Minneapolis ka bi babbar hanya mai lamba 35 zuwa Duluth, wajen kilomita 250, daga nan ka hau mai lamba 61 ka yi ta bin gaɓar tafki wajen kilomita 180, ruwa na hannunka na dama har ka isa. Ka yi sayayyarka a baya. In kana son naman halal, ka saya a shagunan Somaliyawa na Minneapolis ka zuba a kula da ƙanƙara. In tafiyar ta faɗo ranar Juma'a, ka tsara ta yadda za ka sami salla a Duluth, domin babu masallaci a Grand Marais. Kuma ka yi ƙoƙari ka isa da sauran rana, don da almuru barewa ke tsallaka titi ba sallama.

Garin ɗan ƙarami ne, mutum 1,300 da 'yan kai a ƙidayar 2020, amma shi ne hedikwatar gundumar Cook, wato kamar a ce hedikwatar ƙaramar hukuma a wajenmu. Duk gundumar ba ta kai mutum 6,000 ba, mafi yawanta dajin gwamnati ne da ƙananan tafkuna, kuma danja ɗaya tak gare ta, tana nan tsakiyar garin. Kotu, asibiti, babbar makaranta, ofishin haraji da na 'yan sanda duk a nan suke. Wanda ke zaune can cikin daji, in yana son sabunta takardar mota ko ganin likita, nan zai gangaro, ya haɗa da cefanen mako. Shi ya sa nake ce wa baƙi kada su tsaya a layin shagunan tsaraba kawai. Ka haura tudu ka ga ginin kotun da ya haura shekara 100, ka leƙa laburare, ka shiga kantin haɗin gwiwa na abinci ka tsaya gaban allon sanarwa. A allon nan za ka karanta garin: mai neman ɗakin haya, mai sayar da itacen hunturu, taron tara kuɗi don wani mara lafiya, kiran 'yan sa kai na kashe gobara.

Da ka shigo gundumar, murɗa rediyon motarka zuwa 90.7, tashar WTIP. Ta jama'ar gari ce, yawancin masu gabatarwa ba albashi suke karɓa ba. Za ka ji an sanar da karen da ya ɓata, da hanyar da dusar ƙanƙara ta toshe, da abin da aka tattauna a zaman majalisar gunduma. Ni dai tana tuna mini da shirin gaishe-gaishe na rediyon gida.

Ajiye motar ka taka da ƙafa, garin bai kai a sha wahala ba. Safiyar farko ka nufi Artist's Point, wani tsinin dutse da ya shiga cikin ruwa ya kare mashigin jiragen. In ka bi dama, akwai katangar kankare da ke tare igiyar ruwa, ta kai ka har gindin 'yar hasumiyar fitila. In ka bi hagu, duwatsu ne shimfiɗaɗɗu da itatuwa. Sa takalmi mai kama ƙasa, ka riƙe hannun yaro, kuma ranar da tafkin ya fusata kada ka hau katangar ko kaɗan. Sunansa tafki, amma ba ka hango ɗaya gaɓar, kuma ya sha cinye manyan jiragen ruwa.

A kan duwatsun nan na yi sallar asuba da ba na mantawa da ita, bayan na gyara wani kuskure. Na saba da cewa alƙibla gabas take, na juya na fuskanci ruwa, sai manhajar waya ta karkatar da ni arewa maso gabas, kusan bin gaɓar da ta nufi Kanada. Lokutan ma sai ka kula. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, isha ta yi nisa, asuba ta zo da wuri. A Disamba kuwa ƙarfe 4 da 'yan mintoci an yi magariba.

Abinci, kifi za ka bi. Jikokin masuntan Norway da Sweden da suka zauna a gaɓar nan tun ƙarshen ƙarni na 19 har yanzu wasunsu na fita da jirgi da asuba, kuma ana yin bandar kifin tafkin, mai maiƙo, wanda in ka samu burodi da yaji ka gama. Yajin dai daga gida za ka taho da shi. Akwai shinkafar daji ta ƙabilar Ojibwe, baƙa doguwa, ana miya da ita, sai dai ka tambaya ko an sa naman alade, domin sukan sa. Haka duk abin da aka soya, tambayi irin man, ba wanda zai ji haushi. Wani ɗan shagon fanke mai suna World's Best Donuts yana nan tun 1969, layinsa kan fito har titi, amma da sanyi ya shigo yake rufewa, kamar shaguna da yawa na garin.

Batun rufewar nan shi ne abin da mai zuwa a Yuli ba ya gani. Garin na rayuwa ne da kuɗin baƙi na 'yan watanni. A farkon Agusta, lokacin bikin masunta, ba masaka tsinke, ɗaki sai wanda ya kama tun watanni kafin. Gidaje da yawa sun koma na hayar masu hutu, ma'aikacin otal da malamin makaranta na fama da neman wurin kwana. Asibitin garin ya daina karɓar haihuwa tun 2015, don haka mai ciki in wata ya kama sai ta nufi Duluth, tafiyar fiye da awa biyu, wani lokaci cikin dusar ƙanƙara. Ni na fi son ƙarshen Satumba: ganye ya yi ja da rawaya, sauro ya tafi, mai shago na da lokacin hira. Mutanen ba su da yawan magana da farko. Ka fara da zancen yanayi ko kifi, kada ka yi gaggawa, sai ka ga an buɗe.

Hanya mafi sauƙi ta shiga cikinsu ita ce makarantar sana'ar hannu ta North House, da aka kafa a 1997 a bakin mashigin ruwa. Ana koyar da sassaƙa jirgi, saƙar kwando, ƙira, gasa burodi a tanderun itace, wasu darussan na yini ɗaya ne. Na yi na sassaƙa cokali. Na zauna tsakanin wata tsohuwar nas da wani mai gyaran injin jirgi, na yanke yatsa, aka ɗaure mini, kafin la'asar na san wanda ya auri 'yar wa a garin. Da na ce musu a gida muna da masassaƙa masu yin turmi da akushi, tambayoyi suka yi ta yi har aka tashi. Masu zane kuma suna da tasu cibiyar tun 1947.

Kada ka bar wurin ba ka san masu ƙasar na asali ba. Sunan garin Faransanci ne, daga fataken fatu, amma Ojibwe sun riga kowa, kuma yarjejeniyar 1854 da gwamnatin Amurka ce ta raba su da yawancin yankin. Gabas kaɗan da gari akwai ɗan cocin katako na 1895, ragowar unguwarsu da ake kira Chippewa City. Ɗansu John Beargrease shi ya riƙa kai wasiƙu tsakanin garin Two Harbors da nan a kan keken ƙanƙara da karnuka ke ja, kuma har yau ana tseren karnuka da sunansa. In ka ƙara wajen kilomita 55 gaba za ka isa Grand Portage, inda suke da ƙasarsu da gwamnatinsu. Iyakar Kanada na gaba kaɗan, don haka mai bizar shiga sau ɗaya ya lura da allunan hanya ya juyo da wuri.

In da sauran kwana, hau hanyar Gunflint da ta tashi daga cikin gari ta yi kilomita 90 cikin daji. Cika tanki kafin ka tashi, ka gaya wa wani inda za ka, domin sabis na waya yankewa yake. Kwana a dajin kwale-kwale na Boundary Waters sai da takardar izini. Wuta kuwa ka kashe ta da ruwa har tokar ta yi sanyi a hannunka: gobarar Ham Lake ta 2007 daga wutar zango ɗaya ta tashi, ta cinye fiye da eka 70,000, kuma a can ƙarshen hanyar har yanzu za ka ga ƙonannun kututture tsaye a cikin sabon tsiro.