Darasi na Tara: Ƙibar Yara, Gado da Saurin Balaga

A ajinmu na yamma a Tudun Wada wata uwa ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, 'yata shekararta bakwai, amma ta fara ƙirgen dangi. Kakarta ta ce jikin gidanmu ne, duk haka muke. In ƙyale ta?" Na tambaye ta ko yarinyar tana da ƙiba. Ta ce, "Tubarkalla, ai ita ce lukutar gidan."

Mu a nan tamowa muka fi sani, ita muke tsoro. Shi ya sa in muka ga yaro ɓul-ɓul sai hankalinmu ya kwanta, mu ce yana samun kulawa. Amma ƙibar da ta wuce kima ita ma ciwo ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 yara da matasa kusan miliyan 160, 'yan shekara 5 zuwa 19, suna fama da ita.

Mace takan fara balaga tsakanin shekara 8 da 13, namiji kuma tsakanin 9 da 14. In alamu suka fito wa yarinya kafin ta cika 8, ko yaro kafin ya cika 9, an yi sauri. A mace fitar nono ke zuwa da farko, al'ada ta biyo baya da kamar shekara biyu. A namiji 'ya'yan maraina ne ke fara girma, daga baya murya ta buɗe.

To, me ya haɗa kitse da balaga? Kitsen jiki ba zaune yake kawai ba. Yana fitar da wani sinadari mai suna leftin, wanda masana a Amurka suka gano a 1994. Leftin ɗan aike ne. Yana bin jini ya je ƙwaƙwalwa ya ce mata, rumbu ya cika. In kitse ya yi yawa, saƙon yakan isa da wuri, sai ƙwaƙwalwa ta buɗe ƙofar balaga alhali yarinya tana aji biyu na firamare. Wannan ya fi bayyana a 'ya'ya mata.

Kakar nan kuwa ba ta yi ƙarya ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uwar da ta fara al'ada da wuri, sau da yawa 'yarta ma haka take yi. A 2007 masana a Ingila sun gano wata ƙwayar gado da ake kira FTO, wadda ke sa wasu saurin tara kitse. Akwai yaran da ba sa jin ƙoshi da wuri, haka aka halicce su, ba haɗama ba ce, don haka kada a riƙa yi musu gori. Sai dai gado iri ne, abincin gida shi ne taki. Kakanninmu sun ɗauki irin wannan gadon, amma suna zuwa gona da rafi a ƙasa, ba su san lemon kwalba ba. Kwalba ɗaya mai santilita 50 tana iya ɗaukar sukari fiye da cokalin shayi 10.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake kallon irin wannan yarinya. Jikinta ya girma, hankalinta na 'yar shekara bakwai ne. Yarinya ce, makaranta take buƙata da kariya daga idon maza. Ga kuma ƙashi: za ta fi sa'o'inta tsawo yanzu, amma ƙashin ya daina girma da wuri, ta tsaya gajera.

Na ce wa matar, "Yaya, ki kai ta asibiti, kada ki jira al'ada ta zo." A Asibitin Yusuf Ɗantsoho ko na Barau Dikko da ke Kaduna za a auna tsawo da nauyi, likita zai iya neman hoton ƙashin hannu da gwajin jini, domin wani lokacin wata cuta ce daban ke jawo saurin, kuma akwai magani.

A gida kuma ba a horon yaro da yunwa. Tukunyar kowa za a gyara: a rage lemo, alawa da soye-soye, a ƙara wake, zogale, ƙwai da gwanda. A bar yara su yi langa, gaɗa da ƙwallo, aƙalla awa ɗaya kullum, a ajiye waya.

Aikin gida: rubuta sunayen yaran gidanku da shekarun kowa. A ƙasan kowane suna, rubuta abin zaƙin da ya sha ko ya ci daga Asabar zuwa Juma'a. A zo da takardar da katin awon yaro aji na gaba, mu karanta tare.