Ka tsinci kare mai gurguwar ƙafa? Kurakuran da muka fi yi a nan Sakkwato

Bara wani ɗan kwikwiyo ya laɓe ƙarƙashin motata a Mabera yana jan ƙafar gaba, da alama babur ya taka shi, kuma wallahi rabin kurakuran nan ni da kaina na tafka su kafin na kai shi wurin likita.

Na farko kai hannu kai tsaye. Kare mai jin ciwo yana cizo ko da kai ka cece shi, kuma wanga na titi ba ka san ko an taɓa yi mai allurar haukan kare ba. Ka ɗaure bakinshi da ƙyalle a hankali sannan ka ɗauke shi cikin kwali ko buhu shimfiɗe. In ya cije ka ko ya yage ka, wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15 ka wuce asibiti ranar, kar ka tsaya jiran ka ga ko karen zai haukace, don ciwon nan in alamunshi suka fito an gama.

Sai maganin kemis. Mutum ya ga dabba tana kuka ya ɓallo ibuprofen ko diclofenac ya tura mata cikin tuwo, alhali waɗannan suna huda cikin kare su lalata ƙoda, paracetamol ma in ya wuce ƙima hanta yake taɓawa. Baƙin mai na inji da ake shafa ma rauni shi ma a bar shi don Allah, lashewa yake yi. Ruwan gishiri mai tsabta ya isa wanki, sai a kare wurin daga ƙuda don da zafin nan kwana kaɗan tsutsa ta shiga.

Inda na fi yin kuskure shi ne ɗori. Na kira mai ɗori ya sa karare ya ɗaure tam, kwana biyu yatsun suka kumbura suka yi sanyi, ashe jini ne ba ya wucewa, kuma abin haushin ƙashin ma bai karye ba. Jijiyar da ke sa ƙafa ji da motsi ce ta mutu, ba ta jini ba. Mu duk gurguwar ƙafa karaya muke ce mata, amma akwai karaya, akwai gocewar gaɓa, akwai jijiyar da ta tsinke ko ta daku, kuma kowanne maganinshi daban. Karen da ke jan ƙafar gaba yana taka bayan yatsu har fatar ta goge, yawanci jijiya ce, ɗori ba ya yi mata komai. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi, a kai shi a duba, likita zai matse yatsun ya ga ko yana jin zafi, in da hali a ɗauki hoton ƙashi. Karaya ta gaskiya a kwikwiyo tana haɗewa cikin sati 4 zuwa 6, babban kare kuma yakan kai sati 8 zuwa 12, da sharaɗin an hana shi yawo.

Jijiya ita sai haƙuri, wani lokaci tana dawowa cikin makonni ko watanni, a wannan tsakanin ana sa mai safa ko bandeji mai laushi a yatsun ana lanƙwasa gaɓar kullum kar ta sandare. Amma in watanni sun wuce ba ya jin komai, ciwon yana ta buɗewa, har ya fara cin ƙafar tashi da haƙori, to maganar yankewa ta zo, kuma nan ne mutane ke tubure wai tausayi. Ni ma na ce haba likita, a mai da shi mai ƙafa uku? Ya ce mani Malam, ai tun ranar da ka tsince shi da ƙafa uku yake tafiya, ta huɗun kaya ce kawai yake ja. Na rasa abin cewa.

Bayan aikin kar a cika shi da abinci don tausayi. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin kare yana kan ƙafafun gaba, in ɗaya ta rage ƙiba za ta gajiyar da ita. A ajiye shi inuwa, ƙasar watan Afrilu tana ƙona tafin ƙafa, a cire mai kaska, a yi allurar haukan kare in ya kai wata 3. Nawa yanzu shi ke gadin awakin gidanmu, yaran unguwa suna kiranshi Keke Napep.