Darasi na Bakwai: Laimar Matuƙin Jirgin Yaƙi da Maɗaurinta

A darasin da ya wuce mun haɗa ɗan jirginmu na kwaikwayo, mun kafa shi a kan allo mai yashi. Yau sai kayan matuƙi.

Tun daga 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta riƙa kawo jirage a cikin akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar da yau ake kira Gana. A can ake haɗa su, su tashi su bi ta Legas, Kano, Maiduguri da Khartum har Alƙahira. Akwai jirgin yaƙi Hurricane, irin ɗan jirginmu, a cikinsu. Don haka idan ka ce allonka filin jirgin Kano ne, ba ka yi ƙarya ba.

Matuƙin Hurricane ba ya goya laimar tsirarsa, wato laimar da yake dirowa da ita daga sama idan jirgi zai faɗi. Zama yake a kan jakarta, kamar matashi. Idan ya sauko yana tafiya, jakar na reto a bayan cinyoyinsa. Masu koyo da yawa sukan manna ta a gadon bayan ɗan mutum-mutumin, kuma duk wanda ya san jirgin, kallo ɗaya zai gane.

Lissafi tukuna

Ma'auninmu 1/48 ne, wato kowane abu a raba shi gida 48. Faɗin laimar ƙafa 24 ne, inci 288 ke nan. Raba da 48, ka sami inci 6, wajen santimita 15. Maɗaurin kuwa faɗinsa bai kai santimita 5 ba, saboda haka naka milimita ɗaya ne. Ɗaya tak. Ido zai ce maka ya yi siriri, kada ka saurare shi.

Yanka maɗauri

Nemo farin ƙarfen nan mai laushi da ke rufe bakin gwangwanin madarar gari. Shimfiɗa shi a kan gilashi, ka goge da bayan cokali har ya miƙe. Ɗora rula, ka yanka da sabuwar reza. Tsohuwa yaga shi take yi. Na fi son wannan ƙarfe a kan salatef na takarda, domin inda ka lanƙwasa shi nan yake tsayawa. Maɗauri na gaske yana da nauyi: yana kwanciya a kafaɗa, idan kuma an ajiye shi a kan jirgi yana zubowa ta gefen fiffike. Da na fara, nawa sun miƙe ƙiƙam kamar karan dawa, sai da na ɓamɓare su duka. Danna kowanne da tsinken sakace har ya bi jikin abin da yake kai.

Bakin maɗauri huɗu ne ke haɗuwa a kan cikin matuƙi, biyu daga kafaɗu, biyu daga ƙafafu. Wani makullin ƙarfe mai zagaye ke riƙe su, wanda ake murɗawa a buga, su saki gaba ɗaya. Yanko ɗan guntun roba mai zagaye, ka shafa masa fenti ruwan azurfa. Zoben da ake ja laimar ta buɗe yana gefen hagu. Zare silin waya ɗaya daga tsohuwar caja, ka naɗa shi a bakin allura, ya ba ka zoben.

Jakar ba ta da wuya. Ninke takardar tishu, ka jiƙa da farin gam na kafinta da ka tsinka da ruwa, ta bushe, ka yi mata fenti ruwan kaki. Maɗauri kuma fari, amma ka bi shi da ruwan shayi kaɗan, don ƙurar Kano ba ta barin fari.

Aiki: mutum mai tsawon santimita 180, nawa zai zama a ma'aunin 1/48? Rubuta amsar a littafinka, ka zo da maɗauri huɗu da ka yanka mako mai zuwa.