"Ban damu ba" ɗin da ya hana ni aiki, da sauran kurakuran Turanci

Na gaji da jin kurakurai iri ɗaya a bakin masu koyon Turanci, shi ya sa na ce bari in tattara su wuri guda.

Zan fara da wanda ya fi ƙona mini rai. Abin da muke cewa "ban damu ba" ya rabu gida biyu a Turanci. "I don't mind" na nufin duk wanda aka zaɓa ya yi mini. "I don't care" kuwa ko oho ne, wato ba ruwana. Shekarun baya na je ganawar neman aiki, mutum uku suna zaune a bayan tebur. Matar da ke tsakiya ta tambaye ni ko na fi son aikin safe ko na yamma. Ni da nake so in nuna sauƙin kai, sai na yi murmushi na ce "I don't care". Ta ɗago kai daga takarda, ta dubi na kusa da ita, ta ajiye biro. Tambaya biyu aka ƙara yi mini aka sallame ni. Sai bayan watanni wani malamina ya fahimtar da ni cewa na gaya musu aikin nasu bai dame ni ba. Tun daga ranar na haramta wa bakina "care" a gaban na gaba da ni. "Either is fine" nake cewa, in huta.

Kalmar "mind" ɗin ma tana da tarko. In an ce maka "Do you mind if I sit here?" ka ce "yes", to ka hana mutum zama ke nan. Amsar yarda ita ce "not at all".

Na biyu aro. Da yake muna cewa "na ari littafi" da "na ara masa littafi", tushe ɗaya, sai mu ɗora wa "borrow" aikin biyu. Mai karɓa shi ke "borrow", mai bayarwa "lend" yake yi, in ya wuce a ce "lent". Wallahi abin yana ba ni haushi in ga wanda ya gama makaranta yana rubuta "borrow me your pen", a gyara masa ya ce ai an gane. Wa ya gane? Ranar da za ka rubuta takardar bashi, wannan kalma ɗaya ce ke nuna wa ke bin wa. Dabarata ita ce ba na haddace su tsirara: "borrow from", "lend to". In "from" ta ƙi zama a jimlar, na san "lend" ake nema.

Sauran ƙanana ne. "I'm coming" ba ita ce "ina zuwa" ta mai fita ba. In za ka je ka dawo, "I'll be right back" za ka ce. Wari ba a "hear" ɗinsa, "smell" ake yi, duk da mu "ji" ɗaya muke da ita. "Lose" yin asara ne, "loose" sako-sako. "Advice" ita ce shawarar, "advise" bayar da ita, kuma ba a cewa "advices", kamar yadda ba a cewa "informations". "Severally" ba ta nufin sau da yawa, ma'anarta kowa daban; "several times" kake nema.

Ina da ɗan littafi a aljihu, kuma ba na rubuta kalma ita kaɗai a ciki. Jimlar da na ji ta a ciki nake rubutawa gaba ɗaya, da wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa. Wasu malamai sun fi son ƙamus, ni dai ban taɓa ganin ƙamus ya nuna mini fuskar wanda aka ce wa "I don't care" ba.