Kurakuran da ake yi wajen nemo kayan kaburetar tsohuwar motar soja a Kano

Tsofaffin motocin soja masu shan fetur, irin su Bedford RL da Land Rover da Unimog 404, ba su cika mutuwa daga inji ba. Galibi ƙaramin abu ne a cikin kabureta yake kwantar da su, mai motar ya yi ta zarya tsakanin Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, ya kashe kuɗi, mota tana nan jiya i yau.

Babban kuskure shi ne shiga kasuwa da sunan mota kawai. Ka ce wa mai kaya "ina neman kit na kaburetar Land Rover ta soja", wato kunshin ƙananan kayan gyaranta, zai miƙo maka abin da yake da shi, kuma ba laifinsa ba ne. Ko injin Land Rover mai lita 2.25 ma ya zo da kabureta ƙirar Solex a farko, daga 1967 aka koma Zenith 36IV, sannan mutane da yawa sun cire sun ɗora Weber 34ICH. Kayan ɗaya ba ya shiga ɗaya. Unimog 404 ita ma Zenith ce a kanta, amma 32 NDIX, wadda ba ta haɗa komai da ta Land Rover ba sai suna. Ga shi kuma motar da ta yi aikin soja ta sha sauyin inji a hannun makanikan bariki, don haka abin da ke kanta yau ba lallai ne shi ta fito da shi daga kamfani ba. Wanke jikin kaburetar da fetur da burushi, ka nemo sunan kamfani da lambar da aka buga a jiki ko a ɗan ƙarfen da aka ɗaura mata. Ɗauki hoto. Kowane jet ma, wato ɗan ƙarfe mai ƙaramin rami da mai ke bi ta cikinsa, yana da lambarsa, rubuta su duka. In da hali, ɗauki kaburetar gaba ɗaya ka tafi da ita kasuwa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a sayar wa 'yan gwangwan tsohuwar kabureta a kan kilo, don an samu wata ta Beljiyam an ɗora. Wadda aka ɗora ɗin sau da yawa ta ƙaramar mota ce, an huda mazaunin noti an tilasta mata zama. Mota za ta tashi, har silo, wato aikin inji mota na tsaye, ya yi daɗi a gareji, amma a ɗora mata kaya a hau titi sai ƙarfi ya ɓace, ko inji ya riƙa zafi saboda mai bai isa ba. Ranar da aka gane, ta asalin ta riga ta narke. Ko ta asalin ta fashe, ajiye ta: jet da fulota da sandar totur da ke cikinta su ne samfurin da za ka gwada duk abin da aka kawo maka.

Akwai kuma ɗora wa kabureta laifin da ba nata ba. Tankin da ya shekara hamsin yana zubo tsatsa, man bumburutu yana zuwa da ruwa. Kafin ka ce wa bakanike "Malam, kwance ta", a wanke tanki, a sa sabuwar filta, a duba famfon mai da kwantak da fulogi. Wasu motocin sojan masu wutar bolt 24 ne, kwayil na mota gama-gari ba zai yi musu ba. Kada kuma a cire tukunyar tace iska mai aiki da baƙin mai don wai ta tsufa, ita ce maganin ƙurar hunturun Kano.

Zura waya a cikin jet don share shi yana faɗaɗa ramin, mota ta koma shan mai da baƙin hayaƙi. Iska da ruwan wanke kabureta sun isa.

A Zenith 36IV, fuskokin da ke haɗuwa sukan lanƙwashe, musamman idan an cika ɗaure sukurori, domin ƙarfen mai laushi ne. Sabon fakin, wato shimfiɗar da ake sa wa tsakanin fuskokin, shi kaɗai ba zai toshe ba. A shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi, a goge fuskar a hankali har ta daidaita, a sauya zoben robar da ke ciki, don shi ne yake sa mai ya yi yawa in ya mutu. Girgiza sandar totur da yatsa: in tana wasa, iska tana shiga ta nan, kuma babu kit ɗin da zai saita maka silo sai masu injin feƙe ƙarfe sun sa mata bushi.

Kit ɗin da ya daɗe a shago cikin tsohon kwali, kayan tagullarsa suna da kyau, amma robobi da fakin sun bushe, a nemi sababbi. Idan Kano ta gagara, kamfanin Burlen da ke Salisbury a Ingila yana yin kayan kaburetar Zenith da SU har yanzu. Tura wa duk wanda za ka saya a wurinsa lambar jiki da hotuna, ka jira ya tabbatar da cewa kayan na wannan lambar ne kafin ka biya, domin mayar da kaya Ingila ya kan fi kuɗin kayan tsada.